Haruffan da Turanci Ya Zubar a Hanya

 

Duk wanda ya zauna a aji ɗaya na firamare a cikinmu ya rera haruffan Turanci 26, daga A har Z, kuma ya tashi da tunanin cewa haka suke tun fil'azal. Ba mu taɓa tambayar malam ko akwai wani harafi da ya faɗi a hanya kafin a iso ajinmu ba. To akwai, sun ma fi ɗaya. Tarihinsu za mu bi yau, domin abin da ya ci su yana nan yana shawagi a kan ƙ da ɗ da ɓ namu.

Asalin Turanci harshen wasu ƙabilu ne da suka tsallaka teku daga yankin arewacin Jamus da Denmak na yau, suka sauka a tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Sun zo da wani rubutu nasu na gargajiya wanda ake sassaƙawa a jikin itace da dutse da ƙashi. Da addinin Kirista ya fara kafuwa a cikinsu, musamman bayan zuwan Augustine yankin Kent a shekarar 597, sai malaman coci suka kawo haruffan Latin. Nan aka gamu da matsalar da muka sani sarai: harshen yana da sautukan da baƙaƙen aro ba su da su. Malamanmu na ajami sun gamu da irinta, suka ƙara ɗige-ɗige a kan wasu baƙaƙen Larabci don su iya rubuta sauti irin ts. Su ma malaman Ingila dabara suka yi.

Daga tsohon rubutunsu suka ɗauko þ, wanda sunansa thorn, wato ƙaya, don sautin nan na farkon thin da this. Suka ɗauko ƿ, mai suna wynn, don sautin w. Suka ja wa d layi ya zama ð, shi ma yana aiki ɗaya da ƙayar. Suka manne a da e wuri guda ya zama æ, don wasalin da muke ji a cat. Da waɗannan haruffa aka yi rubutun Turanci shekaru ɗaruruwa, kuma a wancan zamani abin da aka rubuta yana kusa ƙwarai da abin da baki ke faɗa, kamar yadda bokon Hausa yake a yau.

Sai shekarar 1066 ta zo. William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan mutane, Turanci ya koma harshen talakawa da 'yan ƙauye. An ɗauki kusan shekara 300 a haka. Masu kwafar littattafai da hannu, waɗanda suka yi karatu a bisa tsarin Faransanci da Latin, idan sun zo rubuta Turanci sai su yi masa yadda hannunsu ya saba. Tsohuwar kalmar sarauniya, cwen, ta koma queen. Kalmar gida, hus, aka sa mata ou irin na Faransawa. Harafin ƿ suka ga yana kama da p, yana rikita mai karatu, sai suka maye gurbinsa da u guda biyu a jere, kuma shi ya sa har gobe sunan w a Turanci yake nufin u biyu. Zuwa wajen shekarar 1300, ƿ da ð da æ duk sun bar fage.

A wannan zamanin ne kuma wani harafi ya yi tashe, ȝ, wanda ake kira yogh. Yana ɗaukar sautin y a wasu wurare, a wasu kuma yana ɗaukar wani sautin maƙogwaro mai kama da na baƙin kha a Larabci. Kalmar dare ana rubuta ta niȝt, kuma ana furta wannan sauti na tsakiya sosai. Daga baya aka koma rubuta shi da gh. Sautin ya mutu a bakin mutane, amma gh ɗin yana nan daram a night da light da daughter, yana wahalar da 'ya'yanmu a jarrabawa.

Ƙaya ce ta fi kowa taurin rai. Har cikin ƙarni na 15 ana rubuta þe da þat, ko da yake th ya riga ya fara cin kasuwarta. Abin da ya ƙarasa ta inji ne.

William Caxton ɗan kasuwa ne, haifaffen Kent, wanda ya yi shekaru masu yawa yana fatauci a birnin Bruges, a ƙasar Beljiyam ta yau. Ya koyi aikin ɗab'i a birnin Cologne na Jamus, sannan a shekarar 1476 ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster. A wancan lokacin kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da ake zubawa a ma'auni, mai jera haruffa ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga akwati ya jera layi. Yawancin akwatunan haruffan nan daga ƙasashen Turai na tsallaken teku ake kawo su, inda aka ƙera su don Latin da harsunan can. Ba ruwan maƙerin Jamus ko na Holan da þ. Mai jera haruffa a Landan, idan ya zo kan kalmar þe ya laluba akwati bai samu ba, hanya biyu gare shi: ko ya sa t da h, ko ya ɗauki harafin da ya fi kama da ƙayar a rubutun hannu na zamanin, wato y. Da haka aka sami ye a tsofaffin littattafai. Mutanen lokacin sun san the suke karantawa. Jikokinsu ba su sani ba. Yau idan mai shago a Ingila yana son a ga shagonsa kamar na da, sai ya rubuta Ye Olde a allo, masu wucewa su karanta da sautin y, alhali babu wani Bature na da da ya taɓa furta ta haka.

Abin da ya faru da ȝ a Sikotilan ya fi wannan ban tsoro. Can harafin ya daɗe fiye da Ingila, musamman a sunayen mutane da garuruwa. Masu ɗab'i ba su da shi a akwati, sai suka riƙa sa z mai jela saboda sun yi kama. Sunan Menzies asalinsa da ȝ ne, kuma a Sikotilan har yanzu akwai masu furta shi kamar Mingis. Shi ya sa ɗan siyasar Birtaniya Menzies Campbell, wanda ya shugabanci jam'iyyar Liberal Democrats daga 2006 zuwa 2007, kowa ke kiransa Ming. Amma a Ostareliya, inda Robert Menzies ya daɗe yana firaminista, da z ake kiran sunan. Shi kuwa Mackenzie, kusan kowa yanzu da z yake faɗarsa, har da masu sunan. Ku lura da abin da ya faru nan: rashin harafi ɗaya a akwatin mai ɗab'i ya bi ta ido ya shiga baki, har ya sauya wa mutane yadda suke kiran sunan kakanninsu.

Inji bai tsaya ga ragewa ba, har ƙari ya yi. Kalmar fatalwa a tsohon Turanci gast ce, daga baya ta zama gost, babu h ko kusa. A harshen mutanen Flanders, inda Caxton ya zauna kuma inda ya samo ma'aikata, kalmar tana da gh a farko. Ta maɗaba'arsa h ya kutsa cikin kalmar Turanci, sannu a hankali ya zauna. Yau wanda ya rubuta ghost ba h shi ne ya yi kuskure.

Shi kansa Caxton ya san nauyin da ke kansa. A gabatarwar wani littafi da ya buga a 1490 ya ba da labarin wasu fatake da rashin iska ya tsayar da jirginsu a bakin kogin Thames, suka sauka neman abinci. Ɗaya daga cikinsu ya nemi ƙwai a wurin wata mata da kalmar mutanen arewa, eggys. Matar ta ce ita ba ta jin Faransanci. Bafataken ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya faɗi kalmar mutanen kudu, eyren, sannan ta gane. Caxton ya nuna damuwarsa a kan wacce mai buga littafi zai zaɓa a cikin biyun. Tambayar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa tsayawa da alƙalami yana tunanin ko zai bi Kananci ko ya bar wa tauraronsa Sakkwatancinsa. A Ingila Turancin Landan ne ya yi rinjaye, domin can fada take, can kasuwa take, can injuna suke.

Wani abin takaici ga Turanci shi ne inji ya zo a daidai lokacin da bakin mutane ke cikin tafiya. Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi wani babban gushi, wanda masanin harshe ɗan Denmak, Otto Jespersen, ya raɗa wa suna daga baya. Kafin gushin, time ana furta ta kusan kamar tiime, name kamar naame, house kamar huus. Bahaushen da ya iya boko, da zai koma zamanin mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya karanta waɗannan kalmomi yadda aka koya masa a Hausa, da ya fi Baturen yau kusantar daidai. Haka k na farkon knee da knife, ana furta shi har cikin ƙarni na 17. Furuci ya yi gaba, rubutu ya daskare a inda inji ya same shi. Abin da muke haddacewa a makaranta hoton maganar mutanen da suka rasu shekaru 500 da suka wuce ne.

Sannan ga masu ilimi, waɗanda suka zo gyaran gangar auzinawa. A ƙarni na 16 malaman da suka ƙoshi da Latin suka ga ya kamata kalma ta nuna asalinta a jikinta. Kalmar bashi, dette, aka cusa mata b saboda a Latin debitum ce, ta zama debt. Kalmar shakka, doute, ita ma aka ba ta b, ta zama doubt. Babu wanda ya taɓa furta waɗannan b ɗin. A kan kalmar tsibiri kuwa zarce gona da iri suka yi. Iland tsohuwar kalmar Turanci ce tsantsa, ba ta haɗa komai da insula ta Latin ba, amma aka ɗauka 'yan uwa ne, aka sa mata s. Kuskure ne ƙarara, kuma yau shi ne ƙa'ida.

Duk da haka an daɗe kowa yana rubuta abin da ya ga dama. Sa hannun Shakespeare guda 6 ne suka rage a duniya, ba su yi daidai da juna ba wajen jera haruffa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi daidai da yadda muke rubuta sunansa yanzu. Faransa ta kafa majalisar kula da harshenta a 1635. Jonathan Swift ya yi kira a 1712 a kafa irinta a Ingila, ba a yi ba, kuma har yau Turanci ba shi da hukumar da ke yanke masa hukunci. Masu ɗab'i da masu ƙamus da malaman makaranta ne suka yi aikin. Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, mai kalmomi sama da 42,000, bayan aikin kusan shekara 9. A yawancin wurare bai ƙirƙiro sabon abu ba, ya ɗauki abin da maɗaba'u suka saba ne ya buga masa hatimi. Daga nan wanda ya saɓa sai a ce bai yi karatu ba.

An yi ta ƙoƙarin gyara bayan haka. Noah Webster na Amurka ya ɗan yi nasara, domin ya zo lokacin da sabuwar ƙasa ke neman bambanta kanta da Ingila, kuma littafinsa na koyon karatu na 1783 ya shiga makarantu ko'ina. Ƙamusunsa na 1828 ne ya tabbatar wa Amurkawa color da center. Amma wasu gyare-gyarensa, kamar tung a maimakon tongue, jama'a sun ƙi su. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta yi amfani da sauƙaƙƙen rubutu a kalmomi 300. Jaridu suka yi masa ca, majalisa ta ƙi, kafin shekarar ta ƙare ya janye. Marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw, wanda ya rasu a 1950, har wasiyya ya bari a ƙirƙiro wa Turanci sababbin haruffa da dukiyarsa. An ƙirƙiro, an buga wasansa ɗaya da su a 1962, daga nan maganar ta bi ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙaya ba ta mutu a ko'ina ba. Mutanen Aisilan, waɗanda ba su kai rabin miliyan ba, har yau suna rubuta þ da ð a jaridunsu da littattafansu da wayoyinsu. Ba su sauke harafinsu don inji ya rasa shi ba, sun sa an yi musu injin da ke da shi.

Yanzu mu dawo gida. Bokon Hausa yaro ne idan aka gwada shi da Turanci. Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a 1912. Kafin a tsaya a kan ƙugiya, an yi ta gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da alhamza a gefensa. A shekarun 1930, zamanin aikin Rupert East a Zariya, haruffa masu ƙugiya suka sami gindin zama, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ta kai su lungu-lungu. Har yanzu akwai sauran saɓani, don Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya na rubuta 'y. Wato ƙ da ɗ da ɓ ba su cika shekara 100 da zama ba. Ƙayar Turanci ta yi sama da shekara 600 tana aiki, kuma hakan bai cece ta ba.

Akwatin mai ɗab'i na wannan zamani shi ne allon rubutu na wayar da ke hannunmu, mu ne kuma masu jera haruffan. Mu duba abin da muke yi idan mun laluba ba mu sami ƙ ba. Wani ya sa k ya wuce. Wani ya sa q, ya rubuta qasa da qauna, daidai da yadda mai ɗab'in Landan ya sa y don ya yi kama da ƙaya. Wani ya koma k' da d' da b', dabarar da aka bari tun zamanin kakanni. Wasu ma z da yake nan a allo sun sauke shi, suna rubuta xan xo. Littafi guda da ya yi farin jini a intanet yana iya kaiwa ga masu karatu da yawa cikin kwanaki kaɗan, kuma da yawa daga cikinsu a nan suke koyon yadda ake rubuta Hausa, ba a aji ba.

Wani zai ce ai Turanci ya zubar da haruffa kuma ga shi ya mamaye duniya. Gaskiya ne. Sai dai da þ ta tafi an bar th a gurbinta, da ƿ ya tafi an bar w. Idan ƙ ta tafi muka bar k, ba mu bar komai ba, sautuka biyu ne suka koma ɗaki ɗaya. Kuma bokonmu dama ya riga ya ɗora wa mai karatu kaya biyu, domin ba ma nuna tsawon wasali, ba ma nuna karin sauti. Baƙi da ƙugiyarsa ma yana iya zama launi, ko mutanen da suka zo daga nesa, ko harafi, sai jimla ta raba gardama. Idan muka cire ƙugiyar, mun ƙara masa bakin da ake cin tuwo da shi. Fada da faɗa sun zama ɗaya. A labari kuma, tauraron da marubuciya ta so ya ce wa matarsa “wannan ƙarya ce” sai ya wayi gari yana nuna wata baiwar Allah yana cewa “wannan karya ce”.

Abin da labarin Mackenzie ya koya mana ya fi wannan nisa. Akwai yaran Hausawa da ke tasowa a Legas da Akara da Jidda da Landan, waɗanda Hausar da suke gani da ido ta kusa fin wadda suke ji da kunne. Yaron da bai taɓa ganin ƙugiya a rubuce ba, ranar da ya ci karo da kalmar da bai taɓa jin ta a gida ba, yadda ya gan ta haka zai furta ta.

Sauƙin da muka samu, wanda ma'aikatan Caxton ba su samu ba, shi ne ba sai mun aika wa maƙeri a wata ƙasa ba. Allon rubutu irin Gboard yana da Hausa a cikin harsunansa, da ƙugiyoyinta duka, kuma saita shi ba ya cin minti biyar. Aikinmu na wannan mako ke nan: kowa ya saita nasa, ya ɗauko shafi ɗaya daga rubutunsa na baya, ya bi shi kalma-kalma ya mayar wa kowace ƙugiya wurinta, ya ƙirga nawa ya zubar. Wanda ya sami jimlar da rashin ƙugiya ya juya mata ma'ana, ya kawo mana ita mu gani tare.